Abin da Guduma Ya Faɗa a Kan Kujera

Ba don sabuwar allurar kwantar da hankali ba, da Guduma bai taɓa taka ƙofar asibitin haƙori ba, ko da yake ƙanin matarsa ne likitan wurin. Kafinta ne, ƙato, mai murya kamar ana jan tebur a kan siminti. An ce zarto ya taɓa tsaga masa tafin hannu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba da aiki. Amma da zarar an ambaci cire haƙori, sai ya tuna da wata ƙofa da bai gama haɗawa ba. Turmin haƙorinsa na ƙasa, na hagu, ya daɗe da karyewa, ya bar tsini kamar fasasshiyar kwalba, kuma da shi yake kwana yake tashi.

Matarsa ce ta kawo shi, yayar Likita, wadda ta goyi Likita tun yana rarrafe, har yau kuma da furfurarsa take kiransa Auta.

"Ga shi nan na kawo maka," in ji ta, tana tura mijin ta baya. "In ya gudu ka aiko a gaya mini, ina nan a zaune."

"Awartaki," in ji Guduma, don haka yake kiran Likita tun ranar da ya ji sana'ar da zai koya, "ta barcin nan nake so. In ba ita, ka bar mini haƙorina, tare muka girma."

"Ba barci ba ce, Yaya. Za ka ji ni, za ka amsa mini."

"To mene ne amfaninta?"

"Ba za ka ji tsoro ba. Ba kuma za ka tuna ba."

"Tsoro? Wa ya ce maka tsoro nake ji? Ƙyamar hannunka kawai nake yi."

Likita ya yi murmushi, ya ɗaure masa hannu yana neman jijiya. Ya daɗe a aikin nan, ya ga yadda abin ya yi ta sauyawa a gaban idonsa. Lokacin da ya fara, allurar kashe dasashi ce kawai da ban haƙuri, mutum ya damƙe hannun kujera ya runtse ido. Daga baya aka samu wadda ake turawa ta jijiya, mai zugi idan tana shiga, mai barin mutum yana layi har yamma, ita ma sai ga wanda tsoro ya yi wa katutu ake fito da ita. Sannan aka zo da wadda ke shafe abin da ya faru daga ƙwaƙwalwa. Yanzu kuma ga sabuwa, mai saurin kamawa, mai saurin saki, har mutum ya tashi idonsa garau kamar wanda ya yi gyangyaɗin rana. Labarinta ya bazu. Mai son a wanke masa haƙora ita yake nema, mai son ciko ita yake nema, kuma asibitin da ba ya yi, kujerunsa su yi ƙura. Likita yana yi, hannunsa ya ƙware, amma zuciyarsa ba ta taɓa kwanciya da ita ba. Yana ganin mutane suna shigowa su miƙa masa wani yanki na ranarsu, su fita ba tare da shi ba, shi kaɗai ne ya san abin da ke ciki.

Ƙa'idojinsa biyu ne, kuma shi da kansa ya koya wa Nas da ke taya shi aiki. Ta farko, kada a bar wanda aka yi wa allura ya yi shiru, a yi ta jansa da hira, domin muddin yana amsawa numfashinsa lafiya lau ne. Ta biyu, ba a gaya masa magana mai nauyi a ranar, komai wartsakewar da ya nuna, domin ido na iya buɗewa alhali ƙwaƙwalwa ba ta fara riƙewa ba.

Nas ta maƙala wa Guduma abin auna iska a yatsa, na'urar ta fara ƙararta a hankali. Likita ya tura maganin kaɗan-kaɗan. Kafaɗun ƙaton suka sauka, yatsunsa suka saki hannun kujera.

"Kana ji na, Yaya?"

"Ina jinka, Awartaki. Fitilar nan wa ya kafa maka ita? A karkace take."

"Buɗe baki."

Ya buɗe, ba musu. Likita ya kashe wurin, ya cire turmin gutsure-gutsure, ya danna auduga. Sai da ya kama harshen da ƙyalle ya karkata shi gefe, don ya ga ɓarnar da tsinin ya yi, hannunsa ya tsaya. A gefen harshen, can ciki, akwai gyambo. Ba irin gogar haƙori ba ne. Bakinsa a tashe yake kamar gefen kasko, da ya taɓa shi da yatsa kuma ya ji shi da tauri har ƙasa. Ya zare safar hannu ɗaya ya lalubi ƙarƙashin muƙamuƙi. Akwai kaluluwa, ƙarama, mai tauri, ba ta motsi. Ya dubi Nas. Ita ma ta gani, ta kawar da kai tana gyara tiren kayan aiki da ba ya bukatar gyara.

Da aka tayar da kujerar, ba a jima ba Guduma ya zauna sosai, ya nemi hularsa, ya tambayi Nas lafiyar mahaifiyarta. Idonsa tar. Sannan ya tsura wa Likita ido.

"Me ka gani?"

"An cire, lafiya lau."

"Kai, yaro. Na san fuskarka tun kana fitsarin kwance a ɗakina. Me ka gani?"

Likita ya san ƙa'idar, shi ya kafa ta. Amma mutumin da ke gabansa bai yi kama da mai maye ba ko kaɗan, sabuwar allurar ta bar shi kamar ba a yi masa komai ba, kuma tambaya ce ta yaya ga ƙani. Ya jawo kujera ya zauna, ya gaya masa: gyambo ne da ba ya so, yana tsoron ciwon daji ne, dole a yanki ɗan kaɗan a kai gwaji, kuma ba abin jinkiri ba ne.

Guduma ya saurara, audugar tana gefen bakinsa. Ba gigita, ba zufa. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa katakon da ya saya gara ta ci cikinsa.

"Na daɗe ina jinsa," ya ce. "Ina ce wa kaina ƙusoshin da nake riƙewa a baki ne. To ka saurara, Awartaki. Yanzu ba na jin tsoron komai, ban taɓa jin haka ba tun da aka haife ni, don haka bari in faɗa kafin ya dawo. Ka gaya wa yayarka. Duka. Ni matsoraci ne, kai ka sani, ita ma ta sani. Idan abin nan ya sake ni zan hana ka, zan yi maka tsawa, zan sa ka rantse. Kada ka saurare ni. Ita kaɗai ke iya kai ni inda ba na son zuwa."

Nas ta jira har ya juya yana neman takalminsa, sannan ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Likita, ka karya ƙa'idarka da kanka. Ba zai tuna ko kalma ɗaya ba."

"Ya wartsake."

"Idonsa ne ya wartsake."

A ɗakin jira Yaya, matar Guduma, ta miƙe tana gyara mayafi. "Auta, lafiya dai ko?"

Saura kaɗan ya gaya mata. Amma sirrin majiyyaci nasa ne, kuma izinin da aka bayar da magani a jini, izini ne? Shi da ba ya yarda wanda aka yi wa allura ya tuƙa mota ko ya sa hannu a wani abu a ranar, yaya zai karɓi wannan? Ya ce mata kada ya kurkure baki yau, kada ya sha abu mai zafi, kada ya taɓa zarto sai gobe. Ta dube shi ɗan lokaci, sannan ta kama hannun mijinta suka fita.

Washegari Likita ya kira shi a waya. Guduma yana dariya.

"Kai, abin nan sihiri ne! Na zauna, na ga fitilarka a karkace, sai ga ni a gida ana ba ni ruwa. Ka tabbata ka cire, ko dai zolaya ce?"

"Ba ka tuna hirar da muka yi ba?"

"Wace hira? In na yi maka alkawarin kabad, ban yi ba."

Kwanakin da suka biyo Likita bai iya zama wuri ɗaya ba. Tsakanin majiyyaci da majiyyaci sai ya fita baranda, ya dawo, ya wanke hannun da ya riga ya wanke. Ya ɗauki waya ya nemo lambar Yaya, ya ajiye. A gida matarsa ta zuba masa abinci ya tashi ya bar shi, ya je ya buɗe taga, ya rufe. Duk wanda ya kwantar a kujera ya tura wa maganin, idan ya ga kafaɗunsa sun sauka, sai ya ji yana tambayar kansa: wanne ne mutumin, wannan ko wanda ya shigo yana karkarwa? Ya daɗe yana gaya wa mutane cewa allurar tsoro kawai take cirewa, ba ta taɓa hankali. Idan gaskiya ya faɗa, to Guduma na kan kujera shi ne Guduma na ainihi, kuma umarninsa na nan a wuyansa. Idan kuwa ba gaskiya ba ne, to me ya yi ta gaya wa jama'a shekara da shekaru? Gyambon dai bai san da wannan muhawara ba. Ci yake yi.

Ranar da ya ga ba zai iya ƙara kwana da abin ba, ya ce wa Nas ta ɗage masu zuwa da rana, ya tafi shagon.

Shagon yana ƙarshen wani layi mai kwata a tsakiya, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Garin katako ya rufe ƙasa, ƙofofi marasa fenti jingine da bango, warin gam ya cika wurin. Guduma yana sunkuye a kan wata kujera, ƙusoshi uku a gefen bakinsa na dama.

"A'a, Awartaki da kansa! Ka zo ka dawo mini da haƙorina?"

"Ajiye guduma, Yaya. Magana ce."

Likita ya sake faɗa masa, kusan da kalmomin da ya yi amfani da su a asibiti. Amma wannan karon yana magana yana ganin yadda kowace kalma ke sauka. Guduma ya tofar da ƙusoshin a tafinsa. Zufa ta karyo masa a goshi. Ya zauna a kan bencin aiki, ya miƙe, ya ɗauki samfefa ya goge gefen wata ƙofa da ta riga ta yi santsi.

"Haƙorin ne ya goge shi," ya ce, bai juyo ba. "Ka cire haƙorin. Zai warke."

"Ba irinsa ba ne."

"Kai likitan haƙori ne ko na harshe? Kowa ya tsaya a kan sana'arsa."

"Shi ya sa nake so wanda ya fi ni sani ya duba. Ɗan kaɗan za a yanka."

"A yanka! A harshena!" Ya jefar da samfefar. "Na san yadda ake yi. A fara da ɗan kaɗan, a ƙare da mutum yana magana da hannu. Ba inda za ni. Kuma ka ji ni da kyau: yayarka hawan jini gare ta. Idan ka buɗe mata baki, wallahi ni da kai har abada. Rantse."

Likita ya dube shi. Tsawar, rantsuwar, duk ga su nan a jere kamar yadda aka gaya masa za su zo.

"Ba zan rantse ba."

"Me ka ce?"

"Wannan ne karo na biyu da nake gaya maka maganar nan, Yaya. Na farko a kan kujera, bayan na cire haƙorin. Bai kamata in faɗa a ranar ba, amma ka tambaye ni na faɗa. Ka ce in gaya mata duka. Ka ce idan maganin ya sake ka za ka hana ni, za ka yi tsawa, za ka sa ni rantsuwa, kada in saurare ka. Nas tana tsaye, ta ji."

Guduma ya tsaya cak. Daga maƙwabta ƙarar walda ta tashi, ta mutu.

"Ni na faɗi haka?"

"Ka ce ita kaɗai ke iya kai ka inda ba ka son zuwa."

"Wannan ba ni ba ne. Allurarka ce."

"Allurar ba ta san yayata ba. Ba ta san ƙusoshin da kake cewa su suka ji maka ciwo ba."

Ƙaton ya dubi ƙusoshin da ke tafinsa, ya zuba su a aljihu. Ya yi taku zuwa bakin ƙofa, ya leƙa layi, ya dawo. Muryarsa ta ragu har sai da Likita ya matso.

"Me kuma na ce?"

"Ka ce kai matsoraci ne."

"Ɗan banza," in ji Guduma, ba a san da wa yake ba. Ya goge fuska da gefen riga. "To yanzu na wa za ka bi, nawa ko na wancan na kan kujera?"

"Tun ranar nake wannan tambaya, ban samu amsa ba. Ga iyakar abin da na iya. Ba zan je in same ta da maganar ba, domin jikinka ne, kuma yau kana cikin hankalinka. Amma ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ranar nan na kauce mata, kuma ta ga na kauce. Idan ta sake tambayata, zan amsa."

"Ai ka kashe ni kenan. Matar da ke tambayar kaza dalilin da ya sa ba ta yi ƙwai ba."

Ya zauna, ya dafe gwiwoyi. Can sai ya ɗago, fuskarsa ta ɗan yi haske irin na wanda ya samu dabara.

"Ka sake yi mini allurar. Ka kira ta ta zauna, ka tura mini, in gaya mata da bakina. Ka ga ba ka karya amana ba, ni kuma na fita."

Dabarar ta ja hankalin Likita. Abu ne mai sauƙi, maganin yana cikin kabad, jijiyar mutumin a fili take. Ya hango Yaya a zaune a gefen kujera tana sauraro, ya hango su a mota suna komawa gida, ita da dutse a ƙirji, shi kuma yana tambayarta me ya sa ta yi shiru.

"A'a," ya ce. "Za ta ji, kai ka manta. Gobe sai ta gaya maka daga farko, ka yi mata tsawar da ka yi mini. Ba zan ɗora mata wannan ba. Kuma abin da ke gaba, Yaya, ba duka ake yi da allura ba. Akwai wanda sai kana cikin hayyacinka."

"Sannunku da aiki."

Su biyun suka juya. Yaya ce a bakin ƙofa, da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle, lokacin da ta saba kawowa ya yi ba su lura ba. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙaninta da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat, tsakar rana, a shagon kafinta. Ta share garin katako daga gefen benci ta ajiye kwanon, ta kwance ƙyallen a hankali. Abinci ne mai laushi, an dama shi har ya yi ruwa-ruwa, ba alamar yaji.

"An cire haƙori," ta ce, kamar da kwanon take magana, "amma har yau da gefe ɗaya ake tauna. Ni dai ban ce komai ba." Sannan ta ɗago. "Auta."

Likita bai kawar da kai ba. Ya matsa kusa da benci, ya kama wuyan hannun Guduma kamar yadda yake yi a asibiti, ya ji jijiyar tana harbawa kamar za ta fasa fata.

"Kana ji na, Yaya?" ya ce a hankali.

"Ina jinka."

"Ta kusa tambaya."

Guduma ya buɗe baki zai yi magana, muryar ta ƙi fita. Ya haɗiye, ya sake gwadawa, ba ta zo ba. Sai ya miƙe, ya taka zuwa bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ya durƙusa a kan garin katako don tsawonsa ya zo daidai da nata. Ya ɗaga kai, ya buɗe baki iyakar buɗewa, ya karkata harshen gefe da yatsansa.

Yaya ta ciro tabarau daga jaka ta saka. Ta kama haɓarsa ta juya shi ga haske, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta cire wani ɗan guntun katako daga gemunsa ta yar.

"Rufe," ta ce. Bai janye haɓar daga hannunta ba, ita ma ba ta saki ba. "Auta, wa ake gani, kuma yaushe yake zama?"

"Akwai wani ƙwararren likita, gobe da safe yake zama. Zan kira shi yanzu."

"Kira shi." Ta dubi mijin. "Kai kuma tashi ka ci, ka rufe shago. Ƙofofin mutane ba za su gudu ba."

Likita ya fita layi da wayar a hannu. Ya danna lambar. Yana jiran a ɗauka, ya jiyo muryar Guduma daga ciki, a shaƙe, yana tambayar ko can ma suna da ta barcin, da muryar Yaya tana cewa ya ci abinci tukuna.